Mma Magajiya ta tafi: Wa za a buga wa ƙofa yanzu?

A kowane Zongo na ƙasar nan, daga Nima da Mamobi a Ankara har zuwa Aboabo da Sabon Zongo a Kumasi, akwai wata dattijuwa da ake buga wa ƙofa da tsakar dare. Ita ake kira in naƙuda ta kama mace. Ita ake kira in rai ya yi halinsa. Ɗakinta kuma amarya ke gudu in zaman gidan miji ya yi zafi. Ba ta da ofis, ba ta da albashi, sunanta ba ya shiga jarida.

Mu a layinmu na Aboabo, tamu ta rasu a watan Sha'aban da ya wuce, tana da shekara tamanin da 'yan kai. Yayar mahaifina ce, ita ta riƙe ni tun ina 'yar shekara biyar bayan rasuwar mahaifiyata. Unguwa na ce mata Magajiya, mu a gida Mma muke cewa, har jikoki da yawa sun girma ba su san sunanta na yanka ba. Na ɗauki alƙalami ne don haƙƙinta da ke kaina, da kuma don giɓin da ta bari, wanda tun ba a yi sadakar arba'in ba muka fara jin sa a jika.

Gidan baƙi ta tashi

Kakanta Bakano ne, falke mai fataucin goro da ya zauna a Salaga. Yaƙin basasar da ya watsa kasuwar Salaga a 1892 shi ya tarwatsa irinsu, waɗansu suka yi Kete Krachi, waɗansu daga baya suka gangaro Kumasi. Mahaifinta ya gaji sana'ar, ya zama maigida mai saukar fatake. Baƙo ya zo daga Kano ko Sakkwato ko Yamai, a ba shi ɗaki, a ba shi tuwo, a riƙe masa kuɗinsa, a nemo masa goro mai kyau, a ɗaure masa huhu. A irin wannan gida Mma ta buɗe ido. Takan ce ba ta taɓa ganin an ɗora tukunya daidai da yawan mutanen gida ba, kullum sai an ƙara mudu saboda wanda bai iso ba tukuna.

An yi mata aure da ƙuruciya, aka ba ta direban babbar mota mai kai goro Legas. Da Allah Ya karɓi ransa ya bar ta da 'ya'ya shida, ƙaraminsu bai daɗe da yaye ba. Manema sun fito bayan ta gama takaba, ta ce a'a. Dalilinta ɗaya ne, ba ta so a rarraba mata yara gidajen dangi, wannan a Tafo, wancan a Ejura, su tashi ba su san juna ba. Sai ta ɗora tukunyar wake da shinkafa, abin da duk Ghana ke kira waakye, kuma da wannan tukunya ta yi shekara kusan arba'in tana ciyar da gida.

Duk wanda ya tashi gidan mai waakye ya san ba barci a cikinsa. Tun dare ake jiƙa wake. Ƙarfe uku Mma ta tashi ta hura itace, ta zuba karan dafi da 'yar kanwa don shinkafar ta yi jan nan da masu saye ke nema. Kafin a kira assalatu miya ta nuna, an dafa ƙwai da taliya, ganda ta yi laushi, shito na jira a kwano. Mu yara aikinmu goge ganyen da ake zubawa a ciki. Tana idar da sallah sai bakin titi. Leburorin kasuwa, direbobin trotro, malaman makaranta, Asantawa da Frafra da Mosawa, kowa ya san teburinta. Akwai kuma ƙa'idar da ba ta taɓa karyawa ba. Ƙasan tukunya ba na sayarwa ba ne. Wannan na marayun layi ne da almajirai da duk wanda ta ga ya tsaya nesa yana kallo.

Shekarun da aka gwada mutane

Abin da ya faru a 1969 ban gani da idona ba, daga bakinta da bakin tsofaffin layi na ji. Ranar 18 ga Nuwamba ta wannan shekara gwamnatin Busia ta ba da umarnin cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar cikin mako biyu. Zongo ya rikice. Yarabawa, Zabarmawa, Mosawa, Hausawa, har da waɗanda a nan aka binne cibiyarsu, kowa na ɗaure kaya. Ana sayar da gado da keken ɗinki a kuɗin da bai kai na goro ba. Mma ta ƙi sayen ko cokali. Ta ce dukiyar da aka sayar da hawaye ba ta albarka. Maimakon haka sai ta buɗe ɗakin ajiyar mahaifinta, maƙwabta suka riƙa kawo abin da ba za su iya ɗauka ba. Ni kaina na tashi na tarar da wata akwatin ƙarfe da jeren kwanonin tasa a ƙarƙashin gadonta, an hana mu taɓawa. Na wata Bazabarma ce da ta koma Dosso. Sai da na isa shiga sakandare ɗan matar ya zo da wasiƙa, Mma ta fito da kayan ta ƙirga masa ɗaya bayan ɗaya, har da zannuwa biyu da asu ya ɗan taɓa, tana ba shi haƙuri a kansu.

A 1979, lokacin da sojoji suka rushe kasuwar Makola a Ankara, ana dukan mata 'yan kasuwa a kan farashi, shinkafa ta yi wuyar samu a Kumasi. Mma ta sauke tukunyar waakye ta koma koko da ƙosai har ƙura ta lafa.

Shekarar 1983 kuwa ina da wayona. Fari, gobarar daji, yunwa, sai ga Najeriya ta koro mutanen Ghana kusan miliyan guda. Babban ɗanta yana cikinsu. Ya dawo daga Agege da jakar nan mai zane-zane, ya kuma taho da abokai uku waɗanda ba su da kowa a Kumasi. Shekarar da ƙashin wuyan mutane ya fito ke nan har ake ce masa sarƙar Rawlings. Masarar agaji ja ita ce abinci, ana bin layi a sayi ɗanyen dokunu a je gida a dafa. Ƙannen mijinta suka ce mata ta sallami baƙin nan, ta ji da nata. Amsar da ta ba su har yau ana maimaita ta a gidanmu: "Da ɗana ne ya sauka a gidan uwar wani fa? Ku bar ni da su." Ta sayar da zannuwan aurenta, ta mayar da abinci sau ɗaya a yini, aka raba daidai. Wata bakwai suka yi a zaurenmu. Ɗaya daga cikinsu, wanda yanzu dattijo ne a Techiman, shi ya fara shiga kabari ranar da aka kai ta Tafo.

Daga ɗakin haihuwa zuwa ɗakin wanka

Sarautar Magajiya ba a gada take ba a layinmu. Mata ne suka taru suka ce ita, aka kai maganar gaban mai unguwa ya sa albarka. Aikin kuwa ba shi da iyaka. In an yi haihuwa ita ke tsayawa a kan wankan jego da kunun kanwa har ranar suna. In aure ne, ita ke duba lefe, ta zauna da alwanka a tsara ranar lalle, ta kuma ja kunnen dangin ango in sun nemi wuce gona da iri. Sau da yawa na ji tana rage wa iyayen amarya buri. Takan ce, "Hajiya, kwano ɗari ba ya zaunar da aure. Ki rage, ki ba yarinya jari."

Ta karɓi haihuwa da hannunta shekaru masu yawa, a zamanin da asibiti sai ka biya kafin a taɓa ka. Amma ba ta da taurin kai a kan abin da ta iya. Ta ga matan da jini ya kwashe, ta san inda ilimin ungozoma ya tsaya. Da aka kafa inshorar lafiya ta ƙasa a 2003, sannan aka mayar da awon ciki da haihuwa kyauta a 2008, ita ta riƙa bi ɗaki-ɗaki tana tara mata, ta sa su gaba har wurin yankar kati. Mijin da ya ce matarsa ba za ta je awo ba, Mma ba ta yi masa faɗa a gaban mutane. Sai ta bari ya dawo daga sallar isha'i, ta aika a kira shi, ta ba shi tabarma. "Malam, ni na wanke uwarka ranar da ta haife ka. Yarinyar nan ƙafarta ta kumbura. Gobe da safe zan kai ta, kai dai kawo kuɗin mota." Ban san wanda ya taɓa ce mata a'a ba.

Aikin da ya fi kowanne nauyi shi ne wankan gawa. Duk macen da ta rasu a layinmu da layukan da ke kewaye, Mma ce ke yi mata sutura. Tana da ƙwarya da buta da ta keɓe don wannan, da ƙullin ganyen magarya da kafur, da alawayyo da take saya ta ajiye saboda gidan da mutuwa ta riske su ba ko sidi. Na fara riƙe mata buta ina budurwa. Ta koya mini yadda ake rufe al'aurar mamaciya tun daga farko har ƙarshe, yadda ake yi mata alwala, a fara da dama, a yi wankan mara, a sa kafur a na ƙarshe, da yadda ake jera ƙyalle bakwai na likkafanin mace kamar yadda malamanmu na Malikiyya suka karantar. Amma abin da ta fi nanatawa shi ne baki. "Abin da idonki ya gani a ɗakin nan, a nan za ki bar shi." Ta wanke matar attajiri, ta wanke wadda unguwa ke zunɗe, ta wanke 'yar kayaye da ba a san danginta ba sai da aka yi cigiya a tashar motar Walewale. Ban taɓa jin ta faɗi ko kalma ɗaya a kan jikin wata ba. Kuɗi kuwa in an miƙo, sai ta ce a sa a cikin sadakar mamaciya.

Adashi ba littafi

Mma ba ta yi boko ba, amma ita ce uwar adashin matan layi fiye da shekara talatin. Lissafinta a bangon ɗaki yake, kowace mace da layinta na alli, kuɗin kuma a gwangwanin Milo cikin akwati. Ba a taɓa jin kuɗin wata ya yi ciwon kai a hannunta ba. Da aka canza kuɗi a 2007, sidi dubu goma ya koma sidi ɗaya, ta ƙi sauya harshe. Har ta rasu sidi ɗari miliyan ɗaya take ce masa, kuma ko pesuwa ba ta ɓace mata.

A cikin adashin ta shigo da wani tsari nata. Duk ranar kwasa, mai ɗauka za ta bar ɗan wani abu a gwangwani na biyu. Wannan ba na kowa ba ne, na ranar baƙin ciki ne. Da shi aka sayi likkafani, da shi aka fanshi mai jego daga asibiti, da shi aka gyara ɗakin wata gwauruwa da ruwan rafin Aboabo ya cinye a wata damina. Da adashin nan mata da dama suka sayi firiza ko keken ɗinki, ita ma da kwasarta da gudummawar 'ya'ya ta sauke farali.

Zamanta da maƙwabtanmu Asantawa darasi ne ga duk wanda ke zaune a ƙasar da Musulmi ba su kai kashi ashirin cikin ɗari ba, kamar yadda ƙidayar 2021 ta nuna. Tana jin yarensu kamar a Manhyia aka haife ta. In an yi musu rasuwa takan je ta gaishe su, ta ba da nsawa, gudummawar da suke bayarwa a makoki, ta dawo kafin a fara abin da addininta bai yarda da shi ba. Ranar Babbar Sallah cinyar rago ta gidan maƙwabciyarmu mai zuwa coci ce, ita kuma ranar Buronya sai ga kaza da rai da buhun shinkafa, don ta san Mma ba za ta ci yankan da ba na Musulmi ba. Lokacin da samarinmu da nasu suka yi rikici a kan filin ƙwallo, waɗannan tsofaffi biyu ne suka kashe wutar kafin ta kai ga 'yan sanda.

Abin da hidimar ta ci

Kada mai karatu ya ɗauka duk wannan a banza ya zo. Akwai ranakun da 'ya'yanta suka kira ta inuwar giginya, na nesa ka sha. An sha kai tuwon gida makoki a bar mu da gari da sukari. Hayaƙin itace na shekara arba'in ya cinye mata ido, ya bar ta da tarin da ya bi ta har ƙarshe. Gidan da muke ciki ɗaki uku ta tarar, ɗaki uku ta bari.

Abin da ya fi yi mata ciwo, kuma ita da bakinta take faɗa, shi ne manyan 'ya'yanta mata biyu da ba su yi boko ba. Talla ta cinye ƙuruciyarsu, ga kuma tsoron da iyayen wancan zamani ke yi na cewa makarantar mishan za ta raba yaro da sallah. Da aka kafa sashen ilimin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilimi ta ƙasa a 1987, makarantun Arabiyya suka fara haɗawa da Turanci da lissafi, Mma ta juya gaba ɗaya. Ni ta riga ta tsaya mini na ci gaba da karatu duk da surutun dangi, har na zama malamar makaranta. Jikokinta mata kuwa ta kafa doka, ba mai ɗaukar tire ranar makaranta. Da aka mayar da babbar sakandare kyauta a 2017, takan tare iyaye ta ce, "To, yanzu kuma mene ne hujjarku?" Ita kanta ta haura sittin ta shiga makarantar dare ta matan aure, ta zauna kan tabarma ɗaya da sa'o'in 'ya'yanta, ta gyara Fatiharta, ta kai izu biyar.

Ko a 2020, da aka rufe Kumasi da Ankara mako uku saboda korona, tana zaune ba ta iya tashi sosai, amma ita ta ba da umarni a sauko da tsohuwar tukunya. 'Yan matan kayaye da ke kwana a rumfunan Kejetiya ba aiki ba abinci, ta sa jikoki suna ƙulla musu waakye a leda suna miƙawa ta taga.

Bayan ta

Mako biyu da rasuwarta wata baiwar Allah ta cika a bayan layinmu da asuba. Har azahar ana neman macen da za ta yi mata wanka. Masu ilimi a cikinmu sun san hukuncin a littafi, hannunsu bai taɓa yi ba. Waɗanda suka taɓa gani kuma tsoro ya hana su. Daga ƙarshe ni da wata dattijuwa da aka ɗauko daga Asawase muka yi, jana'izar da ya kamata a yi da hantsi sai bayan la'asar. Gwangwani na biyu ma yana nan ba mai riƙe shi, don kowa na gudun a ce ta ci amana. Akwai kuma aure biyu a layin da na san da Mma na raye da tuni ta kira mazan ta ba su tabarma.

Matsalar ba ta layinmu kaɗai ba ce. Mun yi ƙungiyoyin mata masu anko da rajista, muna da rukunin WhatsApp na kowane biki, muna da 'yan mata masu digiri, alhamdu lillahi. Amma ayyukan da addini ya ɗora wa al'umma gaba ɗaya, waɗanda in ba wanda ya yi kowa ya ɗauki zunubi, mun bar wa tsofaffi ƙalilan, su kuma ƙasa na ta ɗauka ɗaya bayan ɗaya. A garin da mu ne marasa rinjaye, ba wata hukuma da za ta zo ta yi wa gawarmu sutura yadda muke so. In ba mu yi ba, ba mai yi.

Matan adashinmu sun zauna sun yanke abu uku. Mata huɗu, biyu daga cikinsu ba su kai arba'in ba, za su riƙa zuwa wurin malamar makarantar dare duk Asabar su koyi wanka da ɗinkin likkafani, kuma duk wankan da ya taso biyu za su shiga tare da mai koya musu. Gwangwani na biyu zai koma hannun mutum uku, da littafi, a karanta lissafi a gaban kowa duk wata. Sannan an roƙi limamin masallacinmu ya ware huɗuba guda a kan wannan farilla, don maza su bar matansu su fito in an buga ƙofa.

Ina roƙon 'yan'uwana mata na sauran Zongo, daga Tamale har Takoradi, in kuna da irin wannan tsohuwa da rai, kada ku jira sai ranar addu'arta ku yabe ta. Ku je ku zauna kusa da ita, ku riƙe mata buta, ku tambaye ta yadda ake yi. Ku duba ko tana da katin asibiti mai aiki, ko ta ci abinci yau.

Allah Ya jiƙan Mma, Ya yafe mata kurakuranta, Ya sa aljanna ce makomarta, Ya suturta ta kamar yadda ta suturta bayinSa. Allah Ya jiƙan iyayenmu baki ɗaya, mu kuma in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani, Ya kuma haɗa mu da hannun da zai rufa mana asiri. Amin.